Rassa Biyu, Ƙwarya Ɗaya

A wani daji mai yawan ɗorawa, kowace bishiya da mai ita, kuma kowace bishiya da ciwonta. Babban ciwon shi ne kauci, ɗan tsiron nan da ke maƙalewa a reshe, ya kafa saiwa cikin itacen, yana shan ruwansa har reshen ya bushe. Masu sana'ar cire shi ba su da yawa, ƙanana ne, kowa da 'yan gidajen da yake wa aiki. Suna da ƙungiya, shugabanta Kunkuru. Farashi kuwa tun kaka da kakanni ɗaya ne: ƙwarya uku ta garin ɗorawa a kan kowace bishiya.

Sai damina biyu a jere suka yi gardama. Ɗorawa ta yi 'ya'ya kaɗan, masu bishiya suka riƙe ƙoransu da hannu bibbiyu. Wanda da yake kiran mai gyara tun kauci bai yi ganye ba, yanzu sai ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya shige gida.

Kunkuru ya kira taro a gindin kuka. Biri, wanda ake kira Cindo, shi ya fara miƙewa.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da dogon zance. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Jiya gida bakwai na zaga, ko ruwa ba a ba ni ba. A mayar da shi ƙwarya ɗaya mu huta. Da babu gara ba daɗi."

Guza ya daki ƙasa da jela. "Ƙwarya ɗaya? Kai Cindo, ka ji tsoron Allah! Araha ba ta ado. Ubana uku ya karɓa, kakana uku ya karɓa. Yau in muka sauko, ranar da ruwa ya dawo wa zai yarda mu koma sama? Gara in kwanta da yunwa da in zubar da mutuncin sana'a."

"Kai da ma kwanciyar ka iya," in ji Cindo. Aka yi dariya, ban da Guza.

Kunkuru ya yi gyaran murya. "Jama'a, na ji kowa, kuma kowa yana da gaskiya. Saboda haka farashi yana nan a uku. Kowa ya rantse." Kowa ya rantse. Kashegari kafin hantsi rabin waɗanda suka rantse suna karɓar ɗaya, sauran rabin suna zaune a inuwa suna tsare mutuncin sana'a.

Can ƙarshen taron akwai Maƙwaƙƙwafa, tsuntsuwar nan mai ƙwanƙwasa itace da baki, sunanta Tabawa. Ba wanda ya tambayi ra'ayinta. 'Ya'yanta uku a kogo, kwana tara ba ta samu aiki ba. Gida ɗaya ya rage mata, na wata tsohuwar Hasbiya da ake kira Iya Gambo. Tabawa ta riga ta yanke a ranta cewa in wannan ma ya suɓuce, za ta kwashi 'ya'yanta su bar dajin, ko da yake ƙaramin cikinsu fiffikensa bai yi ƙwari ba.

Da ta isa, Iya Gambo ba ta ɓoye mata ba. "Tabawa 'yar nan, kin san ba na munafunci. Cindo ya zo. Ya ce ƙwarya ɗaya zai share mini bishiyar tas, kafin azahar. Ƙwaryar ke nan gare ni, ɗaya tak. Ke nawa za ki yi?"

Tabawa ta san yadda ake share bishiya kafin azahar. A tsige ganyen kaucin ne, a bar saiwar a ciki. Daga ƙasa sai a ga bishiya fes kamar an yi mata wanka. Aikin gaskiya kuwa sai an haƙe ƙullin da kaucin ya kafa, reshe ɗaya yakan ci rabin yini, baki ya yi tsami. Ta san ita ma za ta iya tsigewar. Ta tuna da bakuna uku a buɗe cikin kogo, har ta kusa cewa za ta yi hakan.

"Iya, bari in ji ta tukuna," ta ce.

Ta hau. Ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, ta matsa gaba. Iya Gambo tana ƙasa tana mita: "Ni dai sauraron ba da kuɗi ba ne ko?"

Ta sauko. "Iya, rassa shida ne masu kauci. Huɗu amonsu garau, za su kai baɗi lafiya. Biyu kuwa sun fara amsawa kamar ganga, ɗaya ma shi ne wanda sheƙarki take kai. Ba zan iya miki shida a ƙwarya ɗaya ba, in na ce zan iya na yi miki ƙarya. Amma zan yi miki biyun nan, in haƙe su har saiwa. Huɗun mu bar su sai Allah ya hore."

"Wato in ba ki ƙwaryata, bishiyata ta zauna da ƙazanta kamar kan mahaukaciya, ta maƙwabta tana sheƙi?"

"Haka za ta zauna, Iya."

"Ko ɗan tsige ganyen sauran ba za ki yi mini ba, don idon mutane?"

"In na tsige, baɗi ba za ki ga inda suke ba sai sun yi ɓarna."

Tsohuwa ta dubi sheƙarta, ta dubi Tabawa. "Uwarki ma haka take da taurin kai. Hau ki yi. In reshen nan ya faɗo da ni, ke da Allah."

Yini guda cur ta yi tana haƙa. Da ta gama, bishiyar Iya Gambo ta fi ta kowa muni a unguwar: ramuka biyu a jiki, kauci huɗu na lilo. Maƙwabciyarta Balbela, wadda Cindo ya share wa tata, kullum sai ta leƙo. "Iya, an ce kin yi gyara? Wace bishiyar aka gyara?" Iya Gambo takan ce, "Wadda ba ki gani ba."

Ƙwaryar nan ta riƙe gidan Tabawa mako biyu. Kafin ta ƙare, Iya Gambo, da ba ta iya cin abu ita kaɗai ko da labari ne, ta gaya wa Jemage, Jemage ya gaya wa surukinsa. Masu ƙwarya ɗaya da masu rabi suka fara aikowa: a zo a saurari tasu, a faɗa musu wanne reshe ne ba zai jira ba. Ba a ƙoshi ba, amma ba a kwana da yunwa ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da ruwan farko ya sauka, duk bishiyar da aka tsige ta tofo kauci, kore shar, ya fi na da yawa. Balbela ta daina leƙowa. Cindo kuwa duk inda ya bi sai an tare shi da magana, har ya koma bin bayan gari.

A can Tabawa ta same shi, ya haɗa kai da gwiwa.

"Yaya Cindo, sannu da hutawa."

"Kin zo ki yi mini dariya ne? Yi, kowa ma ya yi."

"Aiki ne ya fi ƙarfina. Gida goma sha ɗaya ke jira, bakina ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai ka karya busasshen reshe ka sauke, ni in haƙe saiwa, mu raba."

Cindo ya sosa ƙeya. "Ni fa yunwa ce ta sa ni, ba hali ba ne."

"Na sani. Ni ma saura ƙiris."

Suka kama aiki tare. Guza ma, da mutuncin sana'a ya ramar da shi har haƙarƙarinsa suka fito, wata safiya aka gan shi a gindin wata ɗorawa yana tambayar mai ita, cikin ƙasa da murya, ko rassa nawa take so a fara da su. Ƙaramin ɗan Tabawa ya koyi tashi a bishiyar da aka haife shi.

Da kaka ta yi, Kunkuru ya sake kiran taro. Ya ce bayan dogon nazari da shawara da manya, ƙungiya ta ƙirƙiro sabon tsari: daga yau za a riƙa sauraron bishiya kafin a yanka mata farashi, kuma a yi ciniki reshe-reshe. Aka yi tafi, aka tsayar da ranar da za a naɗa masa sabon rawani saboda hangen nesa.

Tabawa ba ta samu zuwa bikin ba. Ranar tana da aiki.