Ƙafar Keke Mai Giɓi

"...da gajiyar jiya, ya kuma ƙafar taki?"

"Ƙafata lau. Waccan ƙafar fa da ka jingine mini a bango?"

Inna Hauwa, mai ƙosan yamma a layinsu na Nasarawa, ta tsame hannu daga wankin wake ta zagaya keken jikanta Zakariyya'u. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba ta kama sunan, Maigida take ce masa. Kullum da safe shi ke ɗaure bokitin wakenta a kariyar keken ya kai inji can bakin titi, ya dawo mata da ƙullu, sannan ya wuce shagon ɗinki a Makera. Yau ƙafar bayan keken sabuwa ce fil, wayoyinta ɗaiɗai.

"Maigida, ɓarayi ne suka shiga maka?"

"Ɓarayin me?"

"Ina sauran wayoyin? Ɗan akuya zai bi ta tsakanin nan ko sunkuyawa bai yi ba."

"Haka ake ƙera ta, tsohuwa. Waya ashirin da huɗu. Waccan mai talatin da shida nauyin banza ce. Wannan ga sauƙin kuɗi, ga ƙarko, gudunta ninki biyu ne."

"Sauƙin kuɗi! Ai dole, tunda rabi aka sayar maka. Mijina guda, an ba shi ƙafa mai giɓi ya karɓa har da godiya!"

"Ke ce za ki yi maganar giɓi? Haƙori nawa ya rage miki? Amma ranar Sallah har ƙashi na ga kin tauna."

"Nawa Allah ne ya cire. Naka kuwa biya ka yi aka cire maka. Ɗauko igiya ka ɗaure bokitin nan, rana na yi."

Zakariyya'u ya sosa ƙeya, ya dubi sirdin keken kamar yau ya fara ganinsa.

"Ai nan ne 'yar matsalar. Ba ta ɗaukar kaya. Mai shagon ya ce in na labta mata nauyi za ta lanƙwashe."

"Yanzun nan ka gama ce mini ƙarko."

"Ƙarkon mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya! To bari ka ji, maƙaryacin miji. A wurin Sylvanus ka saya ko? Matarsa Damaris a nan take sayen ƙosai. Ta ce mijinta tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin irinka ba. Kowa ya zo cewa yake a ba shi mai ɗaukar kaya. Kai ka shiga ka ce, 'Oga, wacce ce ba ta ɗauka?'"

"Innalillahi! Wato har 'yan rahoto kike ciyarwa da ƙosan nan?"

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa! Kin san sunana a shago? Oga Ƙullu! Rannan wani Alhaji ya shinshina shaddar da na ɗinka masa, ya ce a madafa muke aiki? Ni da nake son buɗe shagona, kin mai da ni jakin inji!"

"Jaki ma ya fi ka, shi ba ya zuwa kasuwa ya sayo raguwar ƙafa."

"To tunda tone-tone ake, tsaya. Tanko ya kafa inji gida biyu daga nan tun damina. Me ya hana ki kai masa?"

"Niƙansa ba laushi."

"Geron kokonki fa, wa ke niƙawa?"

"Gero daban, wake daban."

"Na tambaye shi, tsohuwa. Ya ce har kyauta ya ce zai aiko a ɗauka, kika ce masa kina da miji."

Inna Hauwa ta koma ta zauna a kujerarta. Ta mai da hannu cikin waken tana murzawa, alhali ya riga ya fita tas.

"Eh, na ce. Yayyenka da suka sayi babur, yaushe rabon da su taka gidan nan? Ɗaya na Mahuta, ɗaya na Gonin Gora, sai ka ce ƙasar waje. Kai ma in ba bokitin nan ba, sai dai in ji labarinka a bakin Damaris. Shi ne ka je ka biya kuɗi don ka sake ni a asirce!"

Zakariyya'u ya janyo tabarma da ƙafa ya zauna.

"Wa zai sake ki? Wa zai kwashe ki in na saki? Wake dai na Tanko ne daga yau. Ni kuma kullum ina nan da safe, hannu biyu, ciki wayam."

"Ka ji mijin zamani! Ba cefane, ba aike, sai ci."

"Ke kika zaɓa."

Dariya ta ƙwace mata har ta dafa gwiwa. Ta jawo kwanon ɗumamen tuwo da ta rufe a gefen murhu ta tura masa.

"Ci a hankali. In ka yi ƙiba waccan abar ta lotse, a ƙasa za ka riƙa zuwa. Zuwa dai ba fashi."