Tun-Shafi-Na-Uku

Allah Ya yi masana a duniya, amma bai yi su da yawa ba, don kada abin ya yi araha. A cikin 'yan kaɗan ɗin da Ya yi, ƙungiyar masu karatun littattafai ta wata unguwa ta dace da guda, ta kuwa rungume shi hannu bibbiyu. A ranakun aiki mataimakin shugaban sashen ajiyar fayiloli ne a wani kamfanin inshora. Ran Asabar da yamma kuwa, in ya naɗa mayafin sanyinsa a wuya ya shiga ɗakin karatu, sai ya koma Shugaba. Kujera ɗaya ce mai hannuwa a ɗakin, kuma tasa ce. Sauran jama'a na roba suke hawa.

Sunan da aka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa. Tun-Shafi-Na-Uku ake ce masa, da fari a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, don shi ya ɗauki abin lambar yabo. Dalili kuwa, ba a taɓa rubuta littafin kisan gilla da bin sawu wanda bai gano mai laifin ba tun shafi na uku. Mutane su kwashe mako suna zargin direba, suna zargin kuku, shi ko ya gyara tabarau ya ce, "Likitan ne." In an kai ƙarshe, sai a tarar likitan ne.

Babban ikon Shugaba shi ne zaɓen littafin da ƙungiya za ta karanta a lokacin sanyi, lokacin da kowa ke ƙudundune cikin bargo da kofin shayi, yana neman abin da zai sa jininsa gudu. Ranar zaɓen sai an yi lacca.

"Jama'a," in ji shi, yana ɗaga yatsa, "littafin bin sawu lissafi ne, ni kuwa lissafi a jinina yake. Littafin ban tsoro ko, magani ne na masu raunin zuciya. Ƙofa ta yi ƙara, labule ya motsa, sai ka ga ƙato da gemunsa yana salati. Ni tun da uwata ta haife ni tawada ba ta taɓa razana ni ba. Nakan karanta su ne kawai don in tausaya wa marubutan."

Mahassada, waɗanda ba a rasa su a gindin kowane babban mutum, suna da wata magana. Wai duk littafin da ka ara a hannunsa, in ka ajiye shi a tebur da kansa yake buɗewa ta baya, shafukan gaba kuwa suna nan manne da juna kamar yau aka fito da su daga maɗaba'a. Gaskiyar magana, Shugaba daga babin ƙarshe yake fara karatu, a nan kuma yake gamawa. Shi ya ce wa ransa wannan tattalin lokaci ne. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ransa ɗin, shi ne zuciyarsa ba ta iya ɗaukar jira. 

Wadda ta fara lura da littattafan nan ƙanwar matarsa ce, malamar lissafi, wadda bakinta ba ya raga masa ko a gida. A bana, da sanyi ya kama, ita ta zo masa da murmushi har kunne.

"Mijin Yaya, akwai wata nas da ta rubuta littafinta na farko, na ban tsoro, ba a ma buga shi ba. Ta ce ba ta son kowa ya auna mata shi sai kai."

Shugaba ya amince nan take, ya kuma sanar a gaban taro cewa shi ne littafin bana, don a ƙarfafa wa 'yan baya gwiwa. Sai da aka raba kwafi ya juya nasa ta baya, kamar yadda ya saba, ya tarar labarin ya tsaya a tsakiyar hanya. Malamar lissafi ta yi bayani cikin ladabi: babin ƙarshe yana hannun marubuciya, ita za ta zo ta karanta shi da bakinta ranar rufe karatun sanyi. Kafin ta fara, Shugaba zai faɗa wa jama'a yadda labarin zai ƙare, don baƙi su ga baiwar da idonsu. A ranar ne kuma ake zaɓen shugaba, kuma kowa ya san wata 'yar ƙungiya da ake ce wa Mai Kemis, wadda ta gaji da kujerar roba, ta daɗe tana auna mai hannuwan da ido. Ɗaki ya ɗauki tafi. Shugaba ma ya tafa, a hankali.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Yau ga ƙasa ta samu. Ya buga wa nas waya, ya ce a shirye yake ya duba mata nahawun babin ƙarshe kyauta. Ta yi godiya, ta ce an riga an duba. Ya ce to waƙafi da aya fa? Ta ce su ma lafiyarsu ƙalau. Da ya ga ba mafita, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya buɗe littafi daga shafin farko.

Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu, ta kama haya da 'yarta ƙarama a wani gida da suka tarar da tsohon kabad ɗin tufafi a ciki. Kullum da safe sai a nemi riga ɗaya ta yarinyar a rasa, a tarar da wata tsohuwar riga a madadinta, daidai jikinta, da ɗumin mutum a jikin rigar. Shugaba ya wuce shafi na uku bai gano kowa ba. Ya kai na talatin ya manta ma da batun ganowa. A ofis ya karanta shi, da rana tsaka, fitilu a kunne, amma ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

Daga nan jarumtarsa ta ɗauki sabon salo. Ya daina buɗe kabad ɗin ɗakinsu, ya koma sa kwat ɗaya da suwaita ɗaya kullum, ya ce wa matarsa manyan masana ba sa ɓata tunani wajen zaɓen tufafi. Ita ko ta ce masana su riƙa ba da tufafin a wanke. A wurin aiki, mutumin da rayuwarsa kaf kabad-kabad ce ta ƙarfe, ya koma buɗe su da tsinin takalmi daga nesa. Ƙofar ofishinsa a wangale take duk tsananin sanyi, wai iska tana wasa ƙwaƙwalwa. Abokan aiki suka yi ta mura saboda iliminsa.

Abin da ya fi ba shi haushi, ya damu da yarinyar nan. Da gaske ya damu. Yana cin abinci sai ya ajiye cokali ya ce a ransa, wace irin uwa ce ba za ta tattara ta bar gidan nan ba? Inda aka yanke labarin kuwa, yarinyar ce ta ɓace, uwar tana tsaye gaban kabad tana jin numfashi a ciki.

Ranar rufewa ɗaki ya cika, har da baƙi a tsaye. Kowa ya ƙagu, don duk tsawon sanyin nan ba wanda bai yi gardama a kan kabad ɗin ba. Aka zaunar da nas kusa da Shugaba, takardunta a gabanta. Ya miƙe, idanu sun faɗa, kwat ya sha jiki.

"Jama'a, ƙarshen labarin nan a fili yake ga mai basira. Yarinyar za ta tsira. Amma tsira iri-iri ce. Akwai tsira ta jiki, akwai ta ruhi, akwai kuma wadda a ido halaka ce, alhali a ma'ana tsira ce. Idan kuma ba ta tsira ba, to wannan shi ne ainihin abin da nake nufi."

Mai Kemis ta yi tari. Malamar lissafi ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa don dariya.

Nas ta fara karatu. Allah Ya ba ta murya mai sanyi, ga ta da jan rai, kamar mai lallashin majinyaci kafin allura. Uwa ta matsa. Uwa ta ɗora hannu a kan ƙofar kabad. Numfashin ya tsaya. A daidai nan nas ta ajiye takarda, ta ɗauki kofin ruwa, ta shiga sha a natse.

Shugaba bai san lokacin da hannunsa ya tafi ba. Ya fizgi takardun, ya lashi yatsa, ya zarce shafin ƙarshe da ƙwarewar wanda ya shekara da shekaru yana wannan aiki. Idonsa ya sauka a layukan ƙasa. Sai ya dafe ƙirji, hawaye ya zubo, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma sai da suka ji:

"Alhamdu lillahi! Tana da rai! Ashe mai gidan hayar ne ya huda bango ta bayan kabad ɗin!"

 Mutanen da suka kwashe sanyi guda suna jiran wannan babi suka zuba masa ido, irin kallon da ake wa wanda ya zubar da ruwan sha a tsakiyar tafiya. Nas ta karɓi takardunta ta ninke, ta ce ai Shugaba ya hutar da ita. Zaɓen bai ɗauki lokaci ba, Mai Kemis ta lashe. Ko matarsa, da ta zo rakiya, sai da ta ɗaga wa Mai Kemis hannu.

Har yanzu yana zuwa ran Asabar, yana zama a kujerar roba, ya ce shi ya sauka da kansa don a dama da mata. Kuma ba a raina shi ba, ko kusa. Da zarar an hango mayafinsa a bakin ƙofa, sai ka ji ɗaki ya ɗauki ƙarar rufe littattafai: wannan ta cusa nata a jaka, wancan ya zauna a kan nasa, wani ya toshe kunne tun kafin a yi sallama. Shugaba mai murabus yakan tsaya ya dube su, ya jinjina kai cike da gamsuwa.

"Kin gani ko?" ya ce wa ƙanwar matarsa. "Kwarjini ba a zaɓensa da ƙuri'a."

"Gaskiya ne, mijin Yaya," ta ce, tana danne jakarta da hannu biyu. "Duk littattafan ban tsoron da muka karanta, ba wanda ya kai ka."