Ranar da Na Niƙa Yajin Jego

Shekarar da albashin koyarwa ya daina kai mu tsakiyar wata, na nemi aikin yamma a injin niƙan Baba Sale, kusa da Makoda. Ya ce gwajina barkonon yajin jego ne, kwano shida.

Na iso da takunkumin roba mai filta biyu, na haddace takardar bayaninsa kaf. Har lacca na yi wa matan da ke layi kan ƙura da huhu.

"Malam, mu dai kau da kai muke yi, mu runtse ido," in ji Baba Sale.

"Baba, an wuce wannan zamanin!"

Na tada inji, na leƙa bakinsa kamar mai tsaron jarrabawa.

A yi wa takunkumi adalci, hancina bai ji komai ba. Sai dai iyakarsa karan hanci, ido ba ya cikin yarjejeniyar. Na kurma ihu, na fizge shi don in share hawaye, huhu ma ya samu rabonsa. A atishawa ta tara na ture ƙwaryar yajin.

Aiki dai ban samu ba. Har yau duk gidan da aka haihu sai an aiko mini da ƙulli: "A kai wa Malam, ya leƙa mana ko ya yi laushi."