Rasuwar Ɗan Baƙi, Editan Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma wani abu dabam yake ci a gefe, Kawu na sashen rubuta manhaja, tebur na uku daga taga, yana sanar da abokan aiki da masu fatan alheri, har da waɗanda ba su yi fatan ba, rasuwar editansa, wanda aka fi sani da Ɗan Baƙi. Ya cika ranar Talata da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, lokacin da kowa ya fita cin abinci. Ya rasu yana da shekara tara da wata huɗu.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, edita shi ne abin da mai rubuta manhaja ke yin rubutunsa a ciki, kamar tela da kekensa. Yawancin mutane sauke nasu suke yi a shirye, su danna sau biyu, su kama aiki. Marigayin ba ta wannan hanya ya zo ba. Kawu ya ɗauko tushensa ne, wato ɗanyen rubutun da ake gina manhaja da shi, ya gina shi da hannunsa a kan wata tsohuwar kwamfuta mai fanka mai gurnani. Sau shida ginin yana rushewa a tsakiya. A karo na bakwai ya tsaya da ƙafafunsa: baƙin allo, koren rubutu, babu hoto, babu ado.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da kunya da saurin amsa kira. Kafin yatsa ya bar maɓalli ya riga ya buɗe. Bai taɓa neman a taɓa linzamin kwamfuta ba, bai kuma taɓa tsayar da mutum ana tsakiyar aiki don a sabunta shi ba. Ba mai yawan magana ba ne. Idan aka yi kuskure sai ya ce ƙit, idan aka maimaita ya ce ƙit-ƙit, daga nan ya yi shiru ya bar mutum da kunyarsa. Gaskiya ne ma'aikata uku sun taɓa shiga cikinsa suka rasa hanyar fita, sai da aka kashe kwamfutar daga bango. Kawu bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin laifin marigayin ba.

A tsawon rayuwarsa an jona masa filogin arba'in da ɗaya, ƙananan manhajojin da ke ƙara wa edita dabara. Wani na rina rubutu, wani na nemo kuskure, wani ba wanda ya tuna aikinsa amma ana tsoron cire shi. Abin da ke riƙe da su duka fayil ɗaya ne na saituna, mai layi dubu biyu da ɗari da goma sha bakwai, wanda Kawu ya rubuta layi-layi cikin shekara tara. Saboda wannan fayil ne aka ajiye kujerar roba a gefen teburinsa, don masu zuwa kallo. Kusan kowa a sashen ya roƙe shi kwafi. Amsarsa kullum ita ce bai kammala ba tukuna.

Dokar ofis ita ce kowane fayil a yi masa rajista a ma'ajiyar sashe, inda ba ya ɓata, inda kuma kowa ke iya gani. Kawu ya yarda da rabin farko na dokar. Bai yi wa fayil ɗin rajista ba, bai ajiye kwafinsa ko'ina ba. Ya ɓoye shi a cikin foldar tushen editan, ya sa masa suna "ba komai".

Ciwon ajali ya fara ne daga tebur na huɗu. Auta, wadda ake kira haka ko da yake shekararta biyar a sashen, ta sauke wani sabon edita a cikin minti huɗu. Kawu ya duba agogo. Editan nata mai launi ne, yana ƙarasa wa mutum layi tun bai gama tunaninsa ba. Cikin mako guda kujerar roba ta koma gefenta, ba wanda ya nemi izini. Kawu ya shaida wa mai shara cewa abin bai dame shi ba ko kaɗan. Ranar Litinin mutum goma sha ɗaya suka tsaya a teburinta, biyu daga cikinsu sau biyu.

Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne ranar da Oga, shugaban sashe, ya ga Auta ta danna maɓalli biyu, allo ya yi tsalle ya sauka daidai kan layin da kuskure yake. Oga ya ce tunda yake bai taɓa ganin irin wannan ba. Marigayin ya shekara bakwai yana yin haka, taku biyu daga inda Oga ke tsaye. Nan take Oga ya sanar cewa ranar Alhamis kowa zai nuna editansa a ɗakin taro, a zaɓi wanda za a riƙa ɗora wa sababbin ma'aikata.

Ranar Talata Kawu bai fita cin abinci ba. Ya yanke shawarar shi ma Ɗan Baƙi zai koyi ƙarasa layi. Filogin da ke yin haka ya ce sai da sabon tushe. Ya sauke sabon tushe. Ginin ya rushe. Maganin da kowane ɗan sana'a ya sani shi ne a share foldar a sake gini, akwai kuma umarni guda da ke yin sharar: yana kwashe duk fayil ɗin da ba shi da rajista. Kawu ya buga shi yadda yake buga komai, da sauri, ba tare da duba ba, idonsa na kan kujerar roba.

Sharar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ginin ya tafi lafiya lau. Da editan ya buɗe, Kawu ya danna maɓallan da ya saba, sai ya ji ƙit. Ya sake dannawa. Ƙit-ƙit. Jikin yana nan, amma bai gane mai shi ba.

Marigayin ya bar filogin arba'in da ɗaya, duk marayu, da kibod ɗaya mai gogaggun haruffa, da yatsun Kawu goma waɗanda har yanzu suke danna abin da babu. Ya kuma bar matar Kawu, wadda ta shekara tara tana jin labarinsa a kan abinci, ta kuma karɓi labarin rasuwar da wata irin natsuwa da Kawu yake ci gaba da nazari a kanta.

Wajibi ne a ambaci ta'aziyyar da aka karɓa yau Laraba da sassafe. Auta ta jawo kujerar roba da kanta, ta zauna, ta yi wa Kawu gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ta tuna masa makonta na farko a sashen, ranar da ya zo nuna mata wani abu a kwamfutarta, ya kasa aiki ba saitunansa, ya zuba mata fayil ɗin daga filashi, ɗan abin ɗaukar fayil da ake sokawa a jikin kwamfuta, wai na minti biyar. Ya manta bai goge ba. Ta ce yana nan, ko da yake tsohon kwafi ne, babu layi ɗari takwas na baya-bayan nan. Ta ce daga cikinsa ta kwashe dabarun da ta saka wa sabon editanta, maɓalli biyun da Oga ya yaba kuwa layi na ɗari uku da arba'in ne na Kawu, ta kuma faɗa a ranar, hayaniya ce ta hana a ji. Za ta mayar masa, in ji ta, da sharaɗi ɗaya: a saka shi a ma'ajiyar sashe, inda kowa zai gani.

Kawu ya gode mata. Da ta tashi, ta tafi da kujerar.

Za a yi zaman makoki gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe a ɗakin taro, cikin minti goma sha biyar ɗin da aka ware wa marigayin don nuna kansa. Daga nan za a kwashe abin da ya rage a zuba a filashi, a ajiye a aljihun tebur na ƙasa. Ana roƙon masu zuwa kada su ba da shawarar wani edita, kada kuma a ambaci minti huɗu.

Sai dai an ga Kawu da safiyar yau ya buɗe sabuwar folda a ma'ajiyar sashe, ya rubuta sunansa a kanta da manyan haruffa. Zuwa lokacin buga wannan sanarwa babu komai a cikinta. Idan aka ji ƙit daga tebur na uku kafin ƙarfe goman, alamar Kawu ya karɓi fayil ɗin ya koma kan editansa ke nan, to an ɗage makokin. Kada kowa ya ce komai. A dai zo a tsaya a gani, a kuma taho da kujerar.