Jar Motar Nafi'u da Gwaggo Tabawa

Duk Funtuwa babu wanda bai san bakin Nafi'u ba. Mutum ne da ko keke ya wuce sai ya gaya maka ciwon da ke damun sarƙarsa. In muna zaune a teburin mai shayi mota ta gifta, sai ya ɗaga yatsa, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Shiru! Kun ji? Fulogi na uku ya kusa mutuwa." Alhali shi kansa babur ne da shi, wanda sai an gangara da shi yake tashi.

Abin da ya tunzura shi sayen mota kuwa mace ce, Bilkisu, ƙanwar Safara'u wadda abokinmu Hamisu zai aura. Wata rana ta ce masa ita fa ta gaji da zance a jikin babur. Gogan naka ya buga ƙirji ya rantse: ranar kai amarya motarsa ce za ta ɗauki Safara'u, Bilkisu a kujerar gaba, kuma motar da ko ƙasar Najeriya ba ta taɓa takawa ba.

Ya sayar da babur, ya haɗa da ɗan filin da ya gada, ya ja ni rakiya wurin wani dillali, Ɗan'azumi. A hanya na ce, "Nafi'u, mu biya mu ɗauki makanike mana."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Makanike? Ni da kunnena?"

Muka tarar da ita tana ta gurnani, an riga an tayar da ita tun kafin mu iso. 'Yar dunƙule ce mai guntun baya, ƙofa biyu kacal, ja wur, fentin har ƙamshi yake. Tayoyi masu faɗi, salansa kamar bakin tulu. Ba lamba a jikinta, sai wani farin rubutu a gilashi irin na motocin da suka sauko daga jirgin ruwa.

Ɗan'azumi ya shafa bayanta ya ce, "Shekaranjiya ta shigo daga Kwatano. Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kasuwa."

Na ce, "Tsohuwa da wannan salansar?"

Ya ce, "Kurma ce, Allah sarki."

Na leƙa ciki. Abin taka birki ya suɗe tas har ƙarfe ya fito. Nafi'u ya ce ai Turawa da safa suke tuƙi, santsi ne. Muka ɗan zaga da ita, na ga mitar lissafin tafiya ko motsi ba ta yi. Ya ce wannan ma shaida ce, motar ba ta saba tafiya ba. Daga nan ya kifa kunne a kan bonet, ya lumshe ido kamar mai sauraren wa'azi, ya ɗago ya ce, "Wannan injin ko yaye shi ba a yi ba." Ni dai takaici ya ishe ni, ina kallo ya ƙirga kuɗi ya biya.

Sati guda unguwa ba ta huta ba. Buuum! ya wuce. Ƙiiii! ya taka birki a gaban mai shayi, kaji su watse. Mun dai lura kullum a kan gangare yake ajiye ta, da muka tambaya ya ce iska ta fi kaɗawa a nan.

Ranar kai amarya da yamma, sai ga shi cikin farar shadda, da baƙin tabarau. Kafin a fito da amarya ya yi wasan mota a ƙofar gidan, ya juya ta sau biyu a wuri ɗaya, yara suna ihu. Bilkisu tana daga bakin zaure tana murmushi. Kan Nafi'u ya ƙara girma, hular ma da ƙyar take zaune.

Aka fito da Safara'u lulluɓe tana kuka, Gwaggo Tabawa riƙe da hannunta. Gwaggo yayar mahaifin amarya ce, tsohuwa mai ƙarfi, wadda ba a kai wata 'yar gidan ɗakin miji ba tare da ita ba. Mota mai ƙofa biyu sai an kwantar da kujerar gaba ake shiga baya. Nafi'u ya ja, ya ja, kujera ta ƙi. Gumi ya fara keto masa.

Gwaggo ta ce, "Matsa, ɗan nan." Ta ɗaga ƙafa ta harbi gindin kujerar ta gefe. Ƙwas! Kujera ta kwanta.

Nafi'u ya yi dariyar yaƙe. "Gwaggo, ashe kin san motar Turai."

Gwaggo ta fara shigar da amarya baya. Ta shiga ta zauna, tana shafa kujerar baya, tana leƙe-leƙe, Bilkisu kuma ta haye kujerar gaba. Ni da kaina ina bayansu a kan babur, ga jerin motocin 'yan rakiya, mata suna guɗa.

Ba mu yi nisa ba muka iso 'yar hawan nan ta bayan kasuwa. Jar mota ta yi fat-fat-fat, ta yi tari, ta saki wani baƙin hayaƙi da ya rufe mu duka. Tus! Ta mutu. Jerin motoci ya tsaya cak, kowa ya firfito.

Nafi'u ya buɗe bonet yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Man ƙasar nan ne! Ba ta saba da shi ba. Can Turai tatacce take sha."

Sai muryar Gwaggo daga baya: "Kai, rufa mana baki! Ai na ce na san ta. A daidai nan ta mutu wancan karon ma."

Nafi'u ya ce, "Wane karon, Gwaggo? Kwanan nan fa ta shigo ƙasar."

Gwaggo ta fito, ta yaye ƙyallen kujerar baya, ta nuna wata tsohuwar ƙonuwa mai faɗin tafin hannu. "Ka ga wannan? Kaskon turaren wuta ne ya kife a hannuna. Motar ɗan Alhaji Barau ce, lokacin koriya ce. A cikinta muka kai uwar yarinyar nan ɗakinta. Shi ma haka ya yi ta juyi da ita a ƙofar gida kamar mahaukaci."

Wani dattijo cikin 'yan rakiya ya matso, ya leƙa, ya tafa hannu. "Wallahi ita ce! Bayan shi ai ni na saye ta, na yi shekaru ina jigilar albasa da ita zuwa Zariya."

Wani daga can baya ya ce, "Baba, ashe kai ne tsohuwar Baturiyar!"

Wuri ya kece da dariya. Amarya da ake ta lallashi saboda kuka, sai ga mayafinta yana girgiza, ta kasa riƙewa, har da ƙyaƙyatawa. Aka mayar da ita motar kawun ango. Gwaggo kuwa ta ɗaure gyale a ƙugu ta ce wa Nafi'u, "Sa ta a giya ta biyu. Wancan karon ma ni na tura ta."

Haushi ya kama Nafi'u, ya shiga dukan bonet da tafin hannu, bam! bam! yana tsine wa Ɗan'azumi. Bilkisu ta fito daga kujerar gaba, ta kakkaɓe leshinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta dube shi, ta dubi motar, ta ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Haba Malam Nafi'u, daina dukanta mana. Ko ba komai ta girme ka."