Rasuwar Kabsula, Wadda Ta Fi Son Maƙwabci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda wani abu dabam kuma yake ci ta ƙarƙashi, Malam Abdulrauf mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Harra ta Gabas yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Kabsula, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar a saman rufin gidansa.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiyar akwatin ƙarfe ce mai kujera ɗaya da sandar tuƙi da 'yar taga mai nuna taurari. An ƙera ta ne a kan fasalin na'urorin da 'yan sama jannatin farko suka koyi sarrafa kumbo a cikinsu tun suna ƙasa. Aikinta guda ne: ka lallaɓa kumbonka har bakinsa ya haɗu da na wani kumbon. In ka dace, ta ce "tiiin". In ka kauce, ta jijjiga ka ta ce "ɓaaap".

Abdulrauf ne ya tsamo ta daga wani wurin wasan yara da aka rufe, tsatsa ta ci rabinta. Shi ya jawo ta sama da igiya, ya sauya mata wayoyi, ya yi mata rumfa, ya cire fankar ɗakinsa ya ba ta. Duk tsawon zamansu bai taɓa jin "tiiin" daga bakinta ba.

Sai wata rana maƙwabcinsa Bakri, direban bas da ke kai alhazai Bi'ir Ali ɗaura harami, ya hau rufin shan shayi. Ya shiga Kabsula da kofi a hannun hagu, ya taɓa sanda kamar mai koran ƙuda. "Tiiin." Ko shayin bai zube ba.

Daga ranar Wafa, 'yar Abdulrauf, ta daina tambayar ubanta yadda ake juya kumbo. Yanzu tana Riyad tana karatun injiniyan jirage. Da aka ɗauke ta karatun, uban ya tara mutane, ya fara ba da tarihin igiya da wayoyi, sai ta ce, rabi da Larabci: "Abuya, ai Ammu Bakri ne ya koya mini." Ya yi murmushi, ya ci gaba da zuba wa baƙi gahawa.

Ciwon ajali ya kama marigayiyar a zafin bana. Taurarinta suka fara rawa, tana ƙaurin waya. Ranar Talata Abdulrauf ya shiga shi kaɗai, ya riƙe numfashi, ya kawo bakin kumbo daidai yadda bai taɓa kawowa ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, tagar ta yi baƙi. Shi dai ya tabbata "tiiin" za ta ce. Matarsa Raliya, da ke shanya a gefe, ta ce ita farkon "ɓa" ta ji. Iyali ba su amince da wannan ruwaya ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa ƙorafin rana ba, sai dai ba ta iya bambance mai ciyar da ita da ɗan shan shayi ba. Ta bar fanka ɗaya, da kujera mai yagaggen soso, da Wafa, da mai ita. Ta kuma bar Bakri, wanda tun shekaranjiya yake kuka fiye da masu gawa, har Wafa ta fara kiransa kafin ta kira gida.

Za a sauko da ita ranar Juma'a bayan la'asar, a raka ta wurin masu tsofaffin ƙarafa. Zaman makoki a gidan Abdulrauf ne, ƙofa mai koren fenti. Wanda ya riga ya yi wa Bakri gaisuwa, ana roƙonsa ya zo ya sake ta a inda ya dace.