Ungulayen Dakta Abdul-Fatawu

Allah Ya yi wa unguwar Nima baiwa iri-iri, amma babu kamar Dakta Abdul-Fatawu, Daraktan Ƙidayar Ungulu. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi Dakta, sai dai yadda yake karkata hula ya isa shaida. Wata ƙungiyar kare namun daji ce ta ɗauke shi aiki don ungulaye na ƙarewa a Akra, kuma muddin suna ƙarewa, kujerarsa na nan daram. Mahauta na kiransa Uban Masu Sanƙo. Da ya ji, ya ɗauka sarauta ce.

Aikin ba wuya. A kama ungulaye a bayan kwata, a sa musu zoben ƙarfe a ƙafa, a sake su. In an kwana biyu a sake kamawa. Idan masu zobe sun yi yawa a kamun, garken ƙarami ne, su ɗin ne dai ke dawowa. Idan ba a cika ganin zobe ba, ungulaye sun yi yawa ke nan.

Da zobban suka iso, Dakta ya ga lamba ce tsura a jiki, ba sunan kowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. A Zango ko bokitin rabon biki sai an manna masa sunan mai bikin, balle aikin ilimi. Ya tafi wajen wani tela a Maamobi, aka yanko koren ƙyalle mai sheƙi, aka ɗinka sunansa da muƙaminsa a kowane zirin. Ya ajiye zobban gefe, ya ɗaura wa ungulayen ƙyallen a ƙafa.

"Ungulu na ba zai tashi kamar maraya ba," in ji shi. "Kowa ya ɗaga kai ya san wa ya yi aiki."

Tsuntsuwar da ke farke fatar bijimi da baki, ƙyalle ne zai gagare ta? Kafin la'asar duk sun tsige.

A kamu na biyu ko ɗaya ba alama. Akwai wata gurguwar tsohuwar ungulu da ba ta fashin shiga tarko, kullum Dakta sai ya yi mata maraba da zuwa Nima, ya ɗaura mata sabo. Da ya buga lissafi, adadin da ya fito ya sa shi hawayen daɗi.

Ya kafa rumfuna, ya ɗauko lasifika, ya gayyaci sarakunan Zango.

"Kafin na zo, ungulu ya ƙare," ya ce. "Yanzu, chale, sun fi motocin trotro yawa a tashar Madina."

Hajiya Sa'adiyya, shugabar ƙungiyar, ta tafa masa. Sannan ta tambaya a gaban jama'a, cikin ladabi, ko mai yiwuwa alamomin sun zube. In haka ne, a sake ƙidaya da zobe, aiki ya ci gaba. In kuwa adadin daidai ne, ungulaye ba su da sauran bukatar darakta, za a rufe ofis.

Dakta ya dubi sarakuna, ya dubi mai ɗaukar hoto. Kalma biyu kawai ake nema, "na kuskure".

"Hajiya," ya ce, "lissafi na ba ya zuba."

Aka rufe ofis. Yanzu yana teburin mai shayi yana ba da labarin yadda ya ƙware har ya gama aikin da ba a taɓa gamawa ba. Ungulayen da suka cika Akra kuwa, rufin kwata ɗaya ya ishe su, har da sauran wurin miƙe fiffike.